Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Zuciyar Kwikwiyonsa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Na ga saƙonka kan kwikwiyon da ka saya don gadin gona, wai likitan dabbobi ya ji wani huci a zuciyarsa. Don Allah kada ka yi garajen rabuwa da shi.

Hucin nan ƙarar jini ce idan ya bi ta cikin zuciya a hargitse. Likitoci suna auna ƙarfinsa daga mataki na 1 zuwa na 6. Na 1 da na 2 sau da yawa ba ciwo ba ne, kwikwiyo na girma suke ɓacewa, yawanci kafin ya cika wata 6. Shi ya sa likita bai ba ka magani ba, ya ce ka dawo ranar allurar rigakafi ta gaba ya sake saurare. Ba sakaci ya yi ba.

Amma ga abin da nake so ka duba yau ɗin nan. Ɗaga leɓensa ka kalli dasashi. In ya yi fari fat maimakon ja-ja, jini ne ya yi ƙasa, kuma kaska da tsutsar ciki suna tsotse jinin kwikwiyo har zuciya ta riƙa wannan ƙarar alhali lafiyarta lau. A gwada jininsa da kashinsa, a yi maganin abin da aka gani. Sannan ɗora tafinka a ƙirjinsa ta bayan ƙafar gaba ta hagu. In ka ji yana kakkarwa a hannunka, wannan ya kai mataki na 5, ba na jira ba ne, sai a yi hoton zuciya.

Wanda ya fi damuna shi ne hucin da ake ji a jere ba ya yankewa tsakanin bugun zuciya. Akwai wata jijiyar jini kusa da zuciya da ya kamata ta toshe bayan haihuwa, wani lokaci sai ta zauna a buɗe ta kawo irin wannan hucin, kuma ana yawan ganin haka a karnukan Alsatian. Ana ɗaure ta da tiyata, kare ya yi rayuwarsa, amma in aka bari zuciya gajiya take yi tun yana ƙarami. Irin wannan kare kada a bar shi ya yi barbara, domin ana gadon abin.

In ka ga yana haki da ɗan gudu kaɗan, ko ya suma, ko 'yan'uwansa sun bar shi a girma, kada ka jira ranar allura.

Ka sanar da ni abin da gwajin jini ya nuna. A gaida mai ɗaki da yara.

Naka amini.