Wasiƙa Zuwa Ga Edita: A Daina Rataya Wa Ɗan Takara Laifin Wani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata ɗabi'a da ke dawowa duk lokacin da aka kaɗa gangar zaɓen shugaban ƙasa a Nijeriya, wato ɗauko laifin wani mutum ko wata ƙungiya a rataya wa ɗan takara, ba don an kama shi da hannu a ciki ba, sai don sun haɗa addini, ko ƙabila, ko jiha.

Mu mutanen Arewa mun san ɗacin wannan abu, domin an yi wa marigayi Muhammadu Buhari shi kafin zaɓen 2015. Tun a watan Nuwamba na 2012, lokacin da wani da ya ce yana magana da yawun Boko Haram ya ambaci sunansa cikin waɗanda suke so su shiga tsakani, Buhari ya fito ya ce babu ruwansa, amma 'yan adawa suka riƙe maganar tamkar shaida. Ko harin bam da aka kai wa ayarin motocinsa a Kawo, cikin Kaduna, ranar 23 ga Yuli 2014, bai sa sun sake ta ba. Sai a 2018 duniya ta ji cewa wani attajiri mai goyon bayan Goodluck Jonathan ya ɗauki hayar kamfanin Cambridge Analytica na Ingila, mai yi wa 'yan siyasa aikin yaƙin neman zaɓe, gabanin zaɓen 2015, kuma an yaɗa wani bidiyo mai cike da hotunan kisa domin a tsoratar da masu zaɓe cewa abin da Buhari zai kawo ke nan. Mun yi fushi a lokacin, kuma muna da gaskiya.

Abin da ke damuna shi ne, mu ma mun ɗauki wannan makami mun yi amfani da shi. A waɗannan shekarun ne aka riƙa faɗa a majalisu da tashoshin mota cewa Jonathan ne da kansa ke ɗaukar nauyin masu kashe mu. Gazawar gwamnatinsa wajen kare rayuka, musamman yadda ta yi jinkiri bayan sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu na 2014, abin tuhuma ne na haƙiƙa wanda ya isa a ƙi zaɓensa a kansa, amma muka bar wannan hujja mai ƙarfi muka koma ga zargin da babu wanda ya tabbatar. A 2023 kuma aka shafa wa Peter Obi kashin kaji da cewa ɗan IPOB ne, wato ƙungiyar masu fafutukar kafa ƙasar Biyafara, alhali hujjar da yawancin masu faɗar haka suke da ita ba ta wuce cewa shi ɗan ƙabilar Ibo ne ba. A ɗaya ɓangaren, magoya bayansa da na wasu jam'iyyun suka riƙa jingina Kashim Shettima da Boko Haram saboda an kama Kabiru Sokoto, wani ɗan ƙungiyar da ake nema, a masaukin gwamnan Borno da ke Abuja a watan Janairu na 2012, lokacin Shettima ne gwamnan jihar, duk da cewa babu kotun da ta taɓa samun Shettima da laifi a kan haka.

Na san za a ce mini, ai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ban musa ba. Mai zaɓe yana da haƙƙin ya tambayi ɗan takara wa ke ba shi kuɗin yaƙin neman zaɓe, su wa ya naɗa lokacin da yake gwamna ko minista, kuma wane mai laifi ya taɓa karewa da bakinsa, domin waɗannan duka abubuwa ne da mutum ya zaɓa da kansa, kuma suna nuna irin waɗanda zai yi mulki da su. Sai dai wannan karin magana tana magana ne a kan wanda ka zauna da shi da son ranka, ba wanda kuka fito gari ɗaya ko kuke fuskantar alƙibla ɗaya ba. Alƙur'ani ma ya faɗa a Suratul An'am cewa babu rai da zai ɗauki nauyin zunubin wani, kuma ban ga inda aka cire lokacin zaɓe daga wannan hukunci ba.

Wanda aka yi wa yarfen ma ba shi ne yake fi cutuwa ba. Femi Fani-Kayode, wanda ya jagoranci sashen yaɗa labarai na yaƙin neman zaɓen Jonathan a 2015 kuma ya yi fice wajen sukar Buhari, ya koma APC a watan Satumba na 2021, Buharin da kansa ya karɓe shi a fadar shugaban ƙasa. Manya suna shiryawa, amma kalmar da aka saki tana zama a zukatan talakawa. Idan aka ce ɗan takara ɗan ta'adda ne saboda ƙabilarsa, to an yi wa dukan 'yan ƙabilar kuɗin goro, kuma ɗan kasuwar Sabon Gari a Kano ko mai sayar da albasa a Onica shi ne zai kwana da fargaba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 800 ne suka mutu a rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011. A Legas kuma, bayan Obi ya lashe jihar a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, an samu rahotannin hana 'yan ƙabilar Ibo kaɗa ƙuri'a a zaɓen gwamna na ranar 18 ga Maris.

Doka ba ta yi shiru ba. A zaɓen 2023, sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya haramta kalaman zagi da ke iya taɓa addini ko ƙabila ko yanki, kuma tun daga yarjejeniyar Abuja ta watan Janairu 2015, wadda Kofi Annan, tsohon babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, da Emeka Anyaoku, tsohon babban sakataren ƙungiyar Commonwealth, suka halarta, 'yan takara suna sa hannu a kan alkawarin zaman lafiya. Matsalar ita ce mai sa hannu daban, mai furta maganar daban. Ɗan takara yana tsayawa da tsabtataccen baki, sojojin baka a gidajen rediyo da matasan da aka ɗauka haya a Facebook da WhatsApp su yi masa aikin.

Saboda haka nake roƙon wannan jarida abu biyu. Duk wanda ya kawo muku talla ko rubutu da ke danganta ɗan takara da wata ƙungiya ta masu laifi, ku nemi ya kawo shaidar abin da ɗan takarar ya aikata ko ya furta da kansa, idan babu ku ƙi bugawa ko nawa ne kuɗin. Sannan idan wakilanku suka samu ɗan takara, su karanta masa abin da masu magana da yawunsa suka faɗa a kan abokin hamayyarsa, su tambaye shi ko da izininsa aka faɗa, kuma ku buga mana amsarsa yadda ya ba da ita.

Na gode. Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya