Godiya ga sashen kashe gobara na ƙaramar hukumarmu

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga ma'aikatan sashen kashe gobara na ƙaramar hukumarmu, saboda aikin da suka yi mana, mu mazauna kan tsauni, tun kafin ciyawa ta bushe bana. Yabon gwani ya zama dole.

Wanda bai zauna a kan dutse ba ba zai gane zullumin wutar daji da muke kwana da shi ba. Hanya ɗaya tal ke hawa zuwa gidajenmu, ita ce kuma ta sauka, ga rassa sun cinye gefenta har mota biyu ba sa iya gifta juna. Shekara da shekaru muna kai kuka. Wannan ofishi ya ce aikin na masu gandun daji ne, wancan ya ce na masu hanya ne, wani ya karɓi takarda ya ce a dawo, ka dawo ka tarar ba wanda ya san inda ta shiga. Alhali duniya ta ji abin da ya faru a garin Paradise na jihar Kalifoniya a 2018, inda wutar daji ta halaka mutum 85, hanyoyin fita suka cushe da motoci. Haka a Pedrógão Grande ta ƙasar Portugal a 2017, mutum 66 suka rasu, da yawansu a kan titi suna neman tsira. In ka ambaci wannan a wasu ofisoshin, sai a yi maka kallon mai neman tada hankali.

Shi ya sa da wata matashiyar ma'aikaciyar sashen kashe gobara ta ƙwanƙwasa ƙofata, na zaci takardar tara ta kawo. Ashe zagaya gida ta zo yi tare da ni. Ta sa hannu a indararo ta ciro busassun ganye cike da tafi, ta nuna mini, ta ce galibi ta nan gida ke kamawa, domin iska kan ɗauki tartsatsi ta jefa shi nesa tun wutar ba ta iso ba. Ta tsuguna ta leƙa kafar shan iska da ke ƙasan bango, ta ce a sa mata raga ta ƙarfe mai ƙananan ido. Ta bayyana cewa wuta ta fi gudu in tana hawa, kusan ninki biyu a duk ƙarin digiri 10 na gangare, don haka ɓangaren gidan da ke kallon kwari ya fi buƙatar shara. Mita ɗaya da rabi daga bango kada a bar komai mai cin wuta, har zuwa mita 30 kuma a rage duhuwa. Ba tsawa, ba gadara. Maƙwabcinmu dattijo da ƙafa ta hana shi aiki, cewa ta yi da shi, "Baba, ka zauna, mu za mu yi." Kuma suka zo suka yi.

Sauran aikin ya tafi yadda ya kamata: an sassabe gefen hanya, an share layin tare wuta a bayan gidaje, an ƙona ciyawar kwarin da gangan ranar da iska ta kwanta, 'yan kwana-kwana na tsaye da motarsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne 'yan uwanmu na tsaunukan maƙwabta, da ke ƙarƙashin wasu hukumomin, har yanzu ba su ga kowa ba. A can sai gida ya zama toka jami'i ke bayyana, da jerin motoci da mai ɗaukar hoto, a jajanta, a yi alkawari, a tafi. Kuɗin man motocin nan kaɗai da ya sassabe hanya mai tsawo.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya kare ku a bakin aiki. Maganar hanyar fita ta biyu da muka tattauna kuwa, muna nan muna jiran amsa.

Naku,
Wani mazaunin kan tsauni