Baƙin da ke kwana a zaurukanmu ba sa cikin lissafin kowa

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Zazzagawa a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun daminar da ta wuce. Da gangan na bari sai yanzu da rani ya shigo, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni malamin firamare ne a nan Zariya. Wani dare cikin marka aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin kiran assalatu ruwa ya shiga gidajen da ke gangare ta bayan unguwarmu. Yawancinsu ginin ƙasa ne, da katanga ta sha ruwa sai ta zauna. Da gari ya waye mai unguwa ya nemi a buɗe makarantarmu, da yake ana hutu. Mata da yara suka shiga azuzuwa, maza suka raba kansu tsakanin baranda da masallaci. Na yi kwana 16 ina wuni a wurin, abin da idona ya gani nake faɗa.

Duk wanda ya ce mutanen garin nan ba su da tausayi bai ga kwanaki ukun farko ba. Tun kafin hantsi matan unguwa suka fara aiko da kunu da koko a bokitai. 'Yan kasuwa suka turo shinkafa da taliya. 'Yan agajin masallatai da matasan coci suka zo da kayan sarkinsu, masu Keke Napep suka yi ta kwaso tsofaffi ba su karɓi ko sisi ba. Allah Ya saka musu.

Amma kowa da ya zo, da shawarar kansa ya zo. Wata rana abincin rana ya iso daga wuri uku a lokaci guda, har shinkafa ta lalace aka zubar, washegari kuma yara suka kai la'asar ba su sa komai a ciki ba, don kowa ya ɗauka wani zai kawo. Aka tara tsofaffin riguna da wanduna na maza har suka cika kusurwar aji, alhali abin da mata ke nema zane ne da sabulu da audugar mata, kuma kunya ta hana su faɗa wa samarin da ke rabo. Ga ɗanyen abinci buhu-buhu, babu itace babu gawayi. Masan makarantar kuwa, wanda aka gina don yaran da ke tashi da azahar, ya cika cikin 'yan kwanaki. Ƙa'idar da masu aikin jinƙai na duniya ke bi ita ce masai ɗaya ga mutum 20, da ruwa aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana. Mu da 'yan ga-ruwa muka dogara, ranar da babu kuɗin kura sai a yi ta maneji. Da yaro na farko ya fara gudawa sai da hantar kowa ta kaɗa, don duk mun san yadda kwalara ke yi a irin wannan cunkoso. Allah Ya tsare, wata ma'aikaciyar jinya da ke unguwar ta koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Akwai kuma masu zuwa da waya a hannu. Wata dattijuwa ta kira ni gefe ta ce, "Malam, don Allah ɗana ka ce musu su daina ɗaukar mu hoto, muna da surukai." Har yau in na tuna maganar nan sai jikina ya yi sanyi. Zuwa kwana na bakwai, cikin tarin masu taimakon da suka cika harabar, waɗanda suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ban ga laifinsu ba, kowa na da bakin da yake ciyarwa. Da an raba su kashi-kashi tun ranar farko, wasu yau wasu jibi, da ƙarfinsu ya kai mu ƙarshen wata.

Duk wannan ba shi ne ya fi damuna ba, Edita. Waɗanda suka kwana a makaranta su ne 'yan kaɗan. Mafi yawan waɗanda ruwa ya kora gidajen dangi da na abokan arziki suka shiga, kuma babu takardar da sunansu ya hau. Maƙwabcina tela ne, ɗaki biyu da zaure gare shi. Ya karɓi 'yar'uwar matarsa da mijinta da 'ya'yansu, mutum 9 a kan nasa iyalin. Ya kwashe keken ɗinkinsa daga zaure ya shimfiɗa tabarmi. Tiyar masarar da ke yi masa kwana biyu ta koma ta wuni ɗaya. Ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya tambaye shi yaya yake fama, shi kuma ba zai taɓa faɗa ba. Mun san halinmu: Bahaushe ya gwammace ya sayar da akuyarsa a ɓoye da a ji ya ce baƙo ya yi masa nauyi. Duk motar kayan tallafi da ta zo, makaranta take nufa, don nan ne ake ganin mutane a tare. Da wasu daga cikin na gidaje suka gane haka sai suka fara zuwa suna wuni a harabar ko a sa da su, aka kuwa riƙa yi musu kallon masu son banza. Wannan ya ƙona mini rai, don na san gidajensu, na ga inda ɗakunansu suka rufta.

Kar a manta kuma, ruwan ya tarar da gari a cike ne. Shekara da shekaru mutanen ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari da 'yan bindiga suka tasa suna shigowa Zariya da kewayenta, su ma haka suka narke a gidajen 'yan'uwa da kangwaye. Gidan da ke riƙe da baƙin farko shi ne dai aka sake ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Abin da ya same mu ƙarami ne in aka kwatanta da na wasu. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a ƙasar nan, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallansu. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ta yi irin haka a 1994, ruwa ya mamaye Maiduguri har sai da aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya ci rayuka fiye da 150 a Mokwa ta Jihar Neja. Mu ma muna da kogunan Kubanni da Galma, muna da gine-gine a kan hanyar ruwa da magudanai cike da leda. In makaranta ɗaya ta gagare mu tsarawa, ranar da aka buɗe goma fa?

Ba sabon abu nake nema ba. Da Muhajirai suka isa Madina, Manzon Allah (SAW) bai bar su kara zube ba, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansar, kowa ya san wanda ke wuyansa. Mu ma muna da tsani a ƙasa tun kaka da kakanni, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi har fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau. Mai unguwa ya san kowane zaure. A ba shi littafi guda da matasa biyu masu rubutu, namiji da mace, ranar da abu ya faru su bi gida-gida su rubuta wa ya sauka a ina, mutum nawa, akwai mai ciki ko mai shayarwa ko mai shan maganin hawan jini. Wannan littafin shi za a miƙa wa hukumomin ba da agajin gaggawa, wato SEMA ta jiha da NEMA ta ƙasa, da duk mai son ba da tallafi, kuma a ware kason mai masauki a kai masa har gida bayan magariba, ba sai ya tsaya a layi ba.

Masu aikin sa kai kuma su sami mutum ɗaya a kowace unguwa da zai riƙa cewa yau wane ne da girki, wane ne da ruwa, wane ne da kwana. 'Yan agajin Izala da na Fityanul Islam da Red Cross da ƙungiyoyin coci duk suna da horo da ladabi, zama ɗaya kawai ake buƙata su san juna tun kafin hadari ya haɗu. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwa na Shika bai kamata ya rasa ɗaliban likitanci da na jinya da za su riƙa zagayawa ba, in an nemi shugabanninsu da wuri. A sa mata a rabon kayan mata. A kuma hana ɗaukar hoton kowa sai da yardarsa.

Abu na ƙarshe ya shafi aikina. Ambaliya ta fi zuwa a Agusta da Satumba, a Satumban ne kuma ake komawa makaranta. Ranar da aka ce a fitar da tabarmi a shigo da bencina, na tsaya tsakanin ɗalibaina da iyayen da ba su da inda za su, wasu ma iyayen ɗaliban nawa ne. Ba na fatan wani malami ya sake tsayawa a wannan matsayi. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su duba tun yanzu wane zauren taro ko fili za a iya amfani da shi, a haƙa masa masai a kai masa ruwa.

A unguwarmu mun sayi littafin, mai unguwa ya amince mu zauna da limamai da shugabar mata bayan sallar Juma'a ta farkon wata mai zuwa. Ina roƙon sauran masu unguwanni, daga cikin ganuwa zuwa Tudun Wada da Gyallesu da Samaru, su kira nasu zaman kafin ruwan fari ya sauka.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani malamin firamare,
Zariya, Jihar Kaduna.