Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Michael Rubin, shugaban Fanatics, daga wani mai tara katin ƙwallon kwando

Yallaɓai, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ni ɗan Zariya ne, neman abinci ya kawo ni Houston shekaru da dama ke nan, kuma ina cikin mutanen nan da in albashi ya shigo sai sun ware wani abu sun leƙa shagon kati kafin su wuce gida. Na san da wuya takardar nan ta iso teburinka, balle ma da Hausa na rubuta ta, amma dai kana da ma'aikata kuma fassara yanzu ba wani aiki ba ne, sannan 'yan uwana da suka faɗa wannan harka, na nan da na gida, su ma ina so su ji abin da ke cin mu a rai.

Dalilin da ya sa kai na nufa ba wani ba, ai a fili yake. A watan Agustan 2021 kamfaninka ya ƙulla yarjejeniyar buga kati da NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da ƙungiyar 'yan wasanta, a Janairun 2022 kuka sayi kamfanin kati na Topps kan kuɗi wajen dala miliyan 500, sai kuma Oktoban 2025 da lasisin buga katin NBA ya koma hannunku gaba ɗaya bayan kamfanin Panini ta riƙe shi ita kaɗai tun 2009. Na san Panini ta kai ku kotu a 2023 ku ma kun kai ta, wannan tsakaninku ne da alƙalai. Abin da ya shafe mu shi ne, a shekarun 1990 akwai Fleer, akwai SkyBox, akwai Hoops, ga Upper Deck ga Topps, in wannan ya yi maka aikin banza sai ka juya ka sayi na wancan. Yau duk wanda ke son sabon kati mai tambarin NBA da ɗan wasa sanye da rigar kulob ɗinsa, ƙofa ɗaya ce zai ƙwanƙwasa, taku. To tunda ba mu da wajen gudu, dole mu faɗa muku a fuska.

Akwai wani kati a durowata da na fi so a kan duk sauran. Na Fleer ne na kakar 1986-87, jerin nan mai kati 132 da Michael Jordan yake lamba 57 a ciki. Nawa ba Jordan ba ne, lamba 82 ne, Olajuwon, kuma sunan ma Akeem aka rubuta babu H ɗin, don sai 1991 ya gyara rubutun sunansa. Kusurwa ɗaya ta ɗan laushe, hoton ya karkata gefe guda, in na kai a duba shi ba zai samu wani maki na kirki ba. Amma in na juya bayansa duk abin da aka rubuta gaskiya ne, tsawonsa, makarantarsa, ƙwallayen da ya ci. Yaron Legas da aka ɗauka na farko a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 1984, ya zo ya ci wa garin nan kofi a 1994 da 1995. Katin bai yi min alkawarin komai ba kuma bai yaudare ni ba. Wallahi Yallaɓai abin da nake nema a wajenku ke nan, kati ya zama abin da ya ce shi ne.

Bari in fara da maganar ƙyalle don ita ta fi ƙona min rai. Ka sayi kwali da ɗaruruwan daloli, ka ciro kati mai kauri da ɗan yankin riga a manne a jikinsa, zuciyarka ta buga, ka ce wannan gumin ɗan wasa ne a filin wasa, sai ka juya baya ka tarar da wani ɗan siririn rubutu da sai ka matso da ido, yana cewa wai wannan ƙyalle ba daga wani takamaiman wasa ko taro ya fito ba. To daga ina ya fito? Wani ma cewa ake yi ɗan wasan ya saka, ba a ce ya buga wasa da ita ba, wato an miƙa masa riga ya zura ya cire an wuce da ita wajen almakashi. Haba. Mu fa ba yadi muka zo saya ba, in yadi ne ai Kantin Kwari ta fi ku arha. Tarihi muke saya. Kuma abin da ya sa nake magana da ƙarfi haka, ku da kanku kun nuna ana iya yin daidai. Tambarin wasan farko da kuka fara manna wa sababbin 'yan wasan besbol a 2023, a cire shi bayan wasa a sa a kati guda ɗaya tal, kowa ya san ranar, kowa ya san filin, shi ya sa na Paul Skenes ya kai sama da dala miliyan 1 a 2025. Kun kawo tsarin nan zuwa NBA, na ji daɗi ƙwarai. Amma wannan kati ɗaya ne kan kowane ɗan wasa, mu sauran dubban mutane da ba za mu taɓa riƙe shi ba fa? Duk ƙyallen da za ku sa, ku rubuta kwanan wata da sunan abokan karawa a bayan katin. In ba ku da rigar wasa ta gaske ku bar katin haka nan ba ƙyalle, za mu saya.

Sa hannu ma haka. Akwai bambanci mai nisa tsakanin katin da ɗan wasa ya riƙe da hannunsa ya sa masa biro, da wanda aka aika masa takardar sitika ɗari-ɗari ya zauna yana ta karce kamar mai biyan tara, daga baya ma'aikaci ya ɓare ya liƙa, wani lokacin ma jelar sa hannun ta yanke a bakin sitikar. Na san 'yan wasa ba su da lokaci, wasa 82 a kaka ba wasa ba ne. Amma in kwali ya haura wani farashi, ya kamata a ce babu sitika ko ɗaya a cikinsa, kuma ku rubuta a jikin kwalin tun kafin mu biya.

Sai katin alkawari, wanda ka buɗe fakiti maimakon katin sai ka ga takarda mai lamba tana cewa kana bin kamfani katin wane. Wannan ya taɓa faruwa da ni, ba zan kama sunan kamfanin ba don ba ƙara na kawo ba. Ranar Asabar ce, ni da ɗana muna zaune a kan darduma a falo, shi ke yage fakiti ni ina jerawa, sai ga takardar ta fito da sunan ɗan wasan da yake mutuwar so. Yaron nan ya tashi yana tsalle har uwarsa ta leƙo daga kicin. Muka kankare lambar da tsabar kuɗi, muka shigar a kwamfuta, daga nan kullum ya dawo makaranta sai ya buɗe akwatin wasiƙa, Baba ya zo? Wata ya wuce, kaka ta ƙare, wata kakar ta shigo, har ya daina tambaya, kuma daina tambayar nan ta fi min ciwo a kan kuɗin. Daga ƙarshe wani kati daban aka aiko na wani ɗan wasan da bai ma san shi ba. Yallaɓai, a kasuwar garinmu in ka karɓi kuɗin mutum kan kayan da ba ka da shi a hannu, bashi ne a wuyanka har sai ka sauke, ba ya ruɓewa kuma ba ya da ranar ƙarewa. Kar ku sa kati a jeri sai an sa masa hannu yana ajiye a sito. In ya zama dole a yi alkawari, a sa wa'adi a fili, in ya wuce a bar mutum ya zaɓa, kuɗinsa ko madadin da shi ya yarda da shi.

Yanzu maganar yawan bugu. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san abin da ya faru daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990, kamfanoni suka sake wa injin mara suka yi ta bugawa ba lissafi, mutane suka cika ɗakuna da kwalaye suna ganin sun ajiye wa 'ya'yansu gado, yau ga su nan jibge a gareji ko kyauta ka bayar sai an yi maka yanga. Abin da nake gani yanzu shi ne wancan ciwon ya dawo da sabuwar riga. Hoto ɗaya ne, ɗan wasa ɗaya, amma a fito da shi a launi iri-iri har ka rasa ƙirga, mai ruwan azurfa, kore, ja, shuɗi, mai walƙiya, mai zanen damisa, wannan guda 99 wancan guda 25 wancan guda 10, kowanne ana ce maka ba shi da yawa, amma in ka haɗa su duka sai ka ga ɗan wasan yana da katin shekarar farko fiye da yadda kowa zai iya tarawa. In ɗan wasa yana da kati "ɗaya tal a duniya" guda barkatai a kaka ɗaya, to kalmar ta tashi daga aiki. Lokacin da Topps ta fito da kati mai ƙyalli a Finest a 1993, ko Kobe na Topps Chrome na 1996-97, iri kaɗan ne kuma kowa ya san matsayinsa, shi ya sa har yau suke da daraja. Ku rage launukan nan, kuma ku faɗa mana adadin da kuka buga, har na gama-garin da ba a sa wa lamba.

Ingancin bugu ba sai na ja ba. Kati ya fito daga sabon fakiti da karce a fuska ko hoto a karkace, ka biya kuɗi ka aika wa PSA, masu tantance ingancin kati, ya dawo da maki 8 cikin 10, laifin wa? Ku ƙara masu dubawa a masana'anta kawai.

Abin da ya fi damuna bayan gaskiyar kati shi ne yara. Na san labaran da ke shiga jarida, katin LeBron na 2003-04 da aka sayar dala miliyan 5.2 a 2021, na Luka Doncic dala miliyan 4.6 a shekarar, wanda aka sake sayarwa a 2022 a kan miliyan 3 da 'yan kai, da na Jordan da Kobe da ya kusa miliyan 13 a Agustan 2025. Waɗannan kuɗaɗe su suka jawo mutanen da ko sunan 'yan wasa biyar ba su sani ba, su yi sammako su kwashe duk abin da aka jera a kanti su koma intanet su ninka farashi. Har ta kai a watan Mayun 2021 Target ta dakatar da sayar da katin a shagunanta bayan faɗan da aka yi a wajen ajiye motoci a jihar Wisconsin. Yaro ɗan shekara goma da dala biyar a aljihu ya je ya tarar da kanta wayam. To wa zai sayi katinku nan da shekara ashirin? Ku ware jeri guda mai arha, takarda ce kawai da hoto mai kyau da bayanin ɗan wasa a baya, ku buga shi isasshe, ku ce an yi shi ne don a tara a cika jeri ba don a yi arziki ba.

Kuma a nan dole in taɓo masu fasa kwali kai tsaye a bidiyo, inda mutum zai biya kuɗi a ba shi kulob ta hanyar ƙuri'a, in an dace ya samu in ba a dace ba ya tashi hannu rabbana. Ni dai ban shiga, don a wajena ya yi kusa da caca sosai, kuma na ga samari suna zuba kuɗin haya a ciki da tsakar dare. Ku kuna da Fanatics Live inda ake wannan fasawa, kun sayi kasuwar gwanjon PWCC a 2023, wato ku ke bugawa, ku ke rabawa, a dandalinku ake fasawa, a kasuwarku ake sake sayarwa. Ban ce kun yi ba daidai ba. Amma mai riƙe da wuƙa da nama haka ya kamata ya kawo masu bincike daga waje su tabbatar wa jama'a cewa manyan katuna ana watsa su a kwalaye ba tare da zaɓe ba, kuma shagon unguwa yana samun kaso kamar yadda mai miliyan mabiya yake samu.

Akwai kuma wata rigima da ku manya za ku iya kashewa in kun so. Jordan yana da yarjejeniya da Upper Deck, Upper Deck ba ta da lasisin NBA, shi ya sa shekara da shekaru babu sabon katinsa da rigar Bulls. Wembanyama ya shigo a 2023 ya sa hannu da ku alhali lasisi yana wajen Panini, masu tara katinsa na shekarar farko suka rasa mai sa hannu da rigar Spurs. LeBron kun samo shi a 2024. Ku zauna da Upper Deck ku sasanta ko da sau ɗaya ne a shekara, kowa ya ɗauki rabonsa.

Buƙatata ta ƙarshe ta gida ce. Masai Ujiri da ya kai Toronto ga kofin 2019 a Zariya ya tashi, a filayen da na sani. NBA da kanta, tare da hukumar FIBA, ta fara gasar kulob-kulob na Afirka ta BAL a 2021, Rivers Hoopers da Kwara Falcons sun buga. D'Tigers na Najeriya sun doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a Yulin 2021, daren da na kasa barci. Duk sanda zan je gida sai na cika leda da katunan da suka maimaitu a wajena na kai wa 'ya'yan yayata, su baje su a tabarma suna musaya, Giannis biyu a kan Embiid ɗaya, Siakam a kan Achiuwa, kuma ƙaramin ya taɓa tambayata ko akwai na 'yan Kano Pillars, na ce masa babu. Ku yi jerin katin BAL, ku nemi dillalai a Legas da Kano da Dakar da Kigali a farashin da yaro zai iya, ba sai kawunsa ya taso daga Houston da leda ba.

Na gode da lokacinka. Ina jiran kwalin kakar bana, kuma bayan katin zan fara juyawa in karanta.

Naka,
wani mai tara kati, daga Houston.