Godiya ga masassaƙan da suka ƙi taɓa akushin kakata

Assalamu alaikum.

Baba mai rumfar sassaƙa ta unguwarmu, kai da yaranka, na ga ya dace in yi godiyar nan a bainar jama'a, tunda ranar da na zo ko dala ba ku karɓa ba.

Akushin da na kawo na kakata ne. Yana cikin ƴan kayan da ta tsira da su lokacin da Gulbin Maraɗi ya ci tsohon gari a 1945, jama'a suka hau tudu. A hunturun da ya wuce na wayi gari na tarar ya tsage daga baki zuwa ciki, har farcena yana shiga. Hankalina ya tashi. Na rugo ina so ku cika tsagar da gam da garin katako.

Baba, ka juya shi, ka ƙwanƙwasa da yatsa, ka ce a'a. Ka nuna mini cewa itace ko ya shekara ɗari yana shan damshin iska. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ta tsawo kusan babu, shi ya sa yake tsagewa. In an danƙara gam mai tauri yanzu, in Agusta ya zo tsagar za ta nemi rufewa, ta rasa wuri, ƙarfin ya fasa wani gefen. Laifin ma nawa ne, na ajiye shi bakin taga, rana da iska suna dukansa.

Daga baya na karanta cewa manyan gidajen tarihi da injuna suke riƙe damshin ɗaki wajen kashi 50 cikin 100, kuma sauyi na farat ɗaya suka fi tsoro. Mu nan a watan Maris yakan sauka ƙasa da kashi 20, a Agusta ya haura 70. Abin da suke yi da injin, kai ka koya mini shi da tsohon zanen auduga: in naɗe akushin, in sa a akwatin katako, a ƙuryar ɗaki, in ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, kada in shafa masa man gyaɗa.

Jiya bayan ruwa na buɗe akwatin. Tsagar ta matse, da ƙyar allura take shiga. Na kira ƴaƴana suka gani.

Allah ya saka maka da alheri, Baba, ya albarkaci rumfar da yaran da ke cikinta.

Ɗanka,
daga Maraɗi