Amsa ga ƙanena mai son ƙera wa mutanen labarinsa yare

Assalamu alaikum ƙanena,

Tambayarka da ka jefo min a bainar jama'a ta iso, cewa kana rubuta labarin wata duniya ta almara mai al'ummomi uku kuma kana son kowace ta samu yarenta, shin ka fara tara kalmomi ne ko ka fara da nahawu, sannan ka ce kana tunanin cika yaren mugayen da sautuka masu kaushi don ya ba da tsoro. To amsata a gajarce ita ce duka biyun ba nan za ka fara ba. Da sauti za ka fara, daga nan ka ba yaren tarihi, ragowar za su biyo da kansu.

Ka zauna ka zaɓi baƙaƙe da wasula, kuma ka yi rowa wajen zaɓen. Yaren Hawai baƙaƙe 8 ne kawai da wasula 5, kowace gaɓa da wasali take ƙarewa, shi ya sa ko ba ka jin komai a ciki kana ji za ka gane shi ne. Abin da ke ba yare kamanninsa ba yawan sautukan da ke ciki ba ne, waɗanda ya hana ne. Saboda haka bayan ka zaɓi sautuka sai ka yanke dokar gaɓa: baƙi biyu za su iya haɗuwa a farkon kalma ko a'a, wane baƙi ne aka yarda ya zo ƙarshe. In ka kafa wannan ka tsaya a kai, sunan sarki da sunan kogi da sunan takobi duk za su fito kamar 'yan gida ɗaya, mai karatu zai ji hakan ko da bai san dalili ba.

Maganar sautuka masu kaushi kuwa, gaskiya ban goyi baya ba. Kaushi a kunnen wa? Paul Frommer da ya ƙera yaren Na'vi na fim ɗin Avatar na 2009 ya saka sautukan da ake tunkuɗo iska da maƙogwaro, ya rubuta su px, tx, kx, Turawa suka ji abin kamar daga wata duniya, alhali kx ɗin nan ɗan'uwan ƙ ɗinmu ne da yaro ɗan shekara huɗu ke furtawa ba wahala. Kai masu karatunka Hausawa ne, abin da zai yi musu baƙo daban ne: p da v, baƙaƙe uku a jere, kalma mai ƙarewa da k ko t. Kuma don Allah ka rage watsa alamar ɗauri (') a tsakiyar suna don ado, in ba wani sauti take wakilta ba cire ta. Karin sauti ma ka yi hattara, mu da muke da shi ba ma rubuta shi, in ka gina ma'anar kalmominka a kansa ba wanda zai gan shi a takarda.

Yanzu ga inda aikin yake da daɗi. Kar ka ƙera yare uku, ɗaya za ka ƙera, tsohon da kakanninsu suka yi, sai ka bar shi ya tsufa ta hanya uku. Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, haka ya yi, yarukan da ya ƙera, Quenya da Sindarin, daga tushe ɗaya ya fito da su, ɗayan ya karkata shi wajen zaƙin Finisanci ɗayan wajen yaren Wales, kuma jam'in Sindarin irin su adan (mutum) da edain (mutane) ya samo asali ne daga tsohon wasalin i na ƙarshe da ya canja wasulan ciki sannan shi ya ɓace. Bari in gwada maka da nawa. A ce a tsohon yaren puka kogi ne, nala tauraro, jam'i kuma ana mayar da wasalin ƙarshe i, wato puki da nali. Doka ta farko: k in ya zo kafin i ya koma c. Puki ya zama puci kenan. Wannan ba baƙon abu ba ne, irinsa ne ya ba mu kaza da kaji, mota da motoci. Doka ta biyu, bayan wasu ɗaruruwan shekaru: wasalin ƙarshe ya faɗi. Yanzu kogi puk, koguna puc, sai ka ga jam'in da ba ɗafi, wato guntun da ake manna wa kalma, ko ɗaya a jikinsa. Amma nala da nali duk sun koma nal, tilo da jam'i sun haɗe, to mutane ba za su zauna haka ba, sai su jawo wata kalma mai nufin taro, a ce tur, su manna, taurari ya zama naltur. Dokoki biyu kacal amma ka samu hanyar jam'i biyu, kuma in wani ya tambaye ka me ya sa, kana da amsa. Al'umma ta biyu sai ka ba ta wasu dokokin, misali p ya koma f kuma wasalin ƙarshe ya zauna, kogi ya zama fuka. Mai karatu mai lura zai gane cewa puk da fuka abu ɗaya ne, ya san mutanen nan dangi ne tun kafin ka faɗa masa.

Nahawu kuwa babban tarkon shi ne ka ɗauki jimlar Hausa ka sauya kowace kalma da taka, wannan zaurance ne ba yare ba. Jerin kalmomi ka yanke tun wuri. Yawancin harsunan duniya aikau, wato mai yin aikin, suke sawa farko, sai aikatau, kalmar aikin, ya zo tsakiya kamar mu ko ƙarshe kamar Japananci da Turkanci. Marc Okrand da gangan ya sa Klingon, yaren da ya ƙera wa finafinan Star Trek, ya fara da karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa, ya ƙare da aikau don jerin yana da ƙaranci sosai a harsunan mutane, amma shi halittun wata duniyar sama yake wa, in naka mutane ne ba sai ka je can ba. Jinsi ma ba dole ba ne, Turkanci ba ya raba shi da ita, Fulatanci kuma azuzuwan suna sama da 20 gare shi.

Ni abin da zan ce ka zaɓa shi ne nahawun da labarin zai ci moriyarsa. Fulatanci na da "mu" iri biyu, wanda ya haɗa da wanda ake wa magana da wanda ya ware shi, ka duba yadda sarauniya za ta kori waziri daga fada da wakilin suna ɗaya tak. A yaren Kecuwa na Kudancin Amurka kuma akwai ɗafin da ke nuna ko da idonka ka gani ko ji ka yi ko zato kake, to shaida a gaban alƙali a irin wannan yare ƙaryarsa a ɗafi za a kama ta. Ɗaya ko biyu daga irin waɗannan sun isa, kar ka kwaso duka.

Kalmomi su ne na ƙarshe, kuma ba sai ka yi ƙamus ba, saiwoyin kalmomin da sunayen wurare da mutane da rantsuwa da gaisuwa ke buƙata kawai. Ka turo min jerin baƙaƙe da wasulanka da dokar gaɓa da sunaye goma na al'ummar farko, in duba ko akwai wanda ya karya dokar.

Naka,
yayanka a harkar rubutu