Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke kulle baƙinsa da kwaɗo a Accra

Zuwa ga shugaban kamfani da manajojinsa,

Bayan gaisuwa. Ni ɗan kasuwa ne daga Aboabo a Kumasi, ina sayar da kayan gyaran waya, kuma sari ne ke kawo ni Accra wurin dillalan Tip Toe Lane, layin 'yan waya da ke unguwar Circle. Da can a Nima nake sauka gidan 'yan uwa. A wannan zuwan gidan ya cika da 'yan biki, shi ya sa ni da ɗan yayata muka kama gado a masaukinku mai rahusa, irin wanda 'yan yawon buɗe ido masu goya jaka ke kwana mutum da yawa a ɗaki ɗaya, kan gadaje masu hawa biyu. Na kai kukana ga manajanku baki da baki, na sake aika saƙo ta WhatsApp, shiru. Don haka na fito da maganar fili.

Babbar damuwata ita ce ƙofa. Da asuba na sauko zan tafi masallaci, sai na tarar an datse ƙofar ƙarfen da kwaɗo daga waje. Mai gadi ba ya nan, makulli yana aljihunsa. Na zaga ta baya, na ga ƙofar fita ta gaggawa an jibge mata tsofaffin katifu da tukwanen gas na madafa. Tagogin ɗakuna duk da ƙarfen hana ɓarayi a like, babu wanda ake iya buɗewa. A ɗakinmu muka yi sallah, gari ya waye kafin mai gadin ya dawo. Da na tambaye shi, ya ce haka aka umarce shi, wai don kada wani ya sulale da dare bai biya kuɗin kwana ba.

Ranku ya daɗe, ku tsaya ku auna wannan. Gida ne cike da mutane masu barci, mafi yawansu baƙi ne da ba su san lungunan ginin ba, wasu ko yaren ƙasar ba sa ji. A jikin kowane gado an cusa cajojin waya barkatai a soket ɗaya. In aka ɗauke wuta wasu kyandir suke kunnawa, na gani da idona. Ko an kira lambar gaggawa ta 192 ko 112, kafin motar kashe gobara ta ratso cunkoson Circle, wa zai fasa wannan kwaɗo? Ku da ke wannan unguwa ba ku buƙatar a ba ku labarin daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu sun fake ne don ruwan sama. Kogin Odaw yana nan inda yake, damina kuma duk shekara take zuwa. Ɗakunanku na ƙasa, in ruwa ya shigo cikin dare ƙofa a kulle, ta ina mutane za su bi? Kuɗin kwana ɗaya da kuke tsoron a gudu da shi bai kai a jingine rayukan mutane a kansa ba, kuma maganinsa mai sauƙi ne: ku karɓi kuɗinku tun da rana, ku bar ƙofa yadda na ciki zai iya buɗe ta.

Doka ma ba ta bar wannan ga son ranku ba. Tun 2003 akwai ƙa'idar da ta wajabta wa wuraren da jama'a ke kwana samun takardar shaida daga hukumar kashe gobara ta ƙasa, kuma dokar yawon buɗe ido ta 2011 ta ɗora wa hukumar yawon buɗe ido ta Ghana alhakin ba masaukai lasisi da duba su. Na duba bangon wurin karɓar baƙi, hotunan bakin teku da taswirar Cape Coast na gani, ban ga ko ɗaya daga takardun nan ba. Tukunyar kashe wuta guda ce a matakala, ta yi tsatsa.

Sai maganar kuɗi. Na biya rabin kuɗin ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, tun ina Kumasi, a kan farashin da kuka faɗa mini da sidi. Da muka iso, yarinyar da ke kan tebur ta ce ainihin farashin da dala yake, ta buga lissafi da canjin da babu bankin da ke ba da shi, ta ce in cika. Dokar canjin kuɗi ta 2006 ta hana sa farashi da kuɗin waje a cikin Ghana ba tare da izinin Babban Banki ba, kuma bankin ya sha nanata haka a sanarwarsa. Na cika don dare ya yi, ga yaro tare da ni, ga kaya. Rasit kuwa har muka tafi ban samu ba. Yarinyar ba ta da laifi, abin da aka sa ta take yi.

Sauran ba zan ja su ba. Gidan sauron da kuka nuna a hoto duk huji ne, a garin da zazzaɓin cizon sauro ba ya hutu. Famfo ya ƙafe da safe, tankin ruwa babu komai, da ruwan leda muka yi alwala. Waɗannan mai neman arha yana iya haƙuri da su, ni ma ban zo neman na'urar sanyaya ɗaki ba.

Abin da ya fi sosa mini rai bayan ƙofar shi ne bambanci. Turawan da suka zo bayanmu an kai su bene, ɗaki mai fanka da akwatin ajiya mai makulli. Mu da wasu samari biyu 'yan Nijar da wani ɗan Togo aka tura mu ɗakin ƙasa kusa da banɗaki, alhali kuɗinmu ɗaya. An nemi mu ajiye katin shaidarmu a tebur har sai mun tashi, su kuwa hoton fasfo kawai aka ɗauka aka miƙa musu abinsu. Tun Shekarar Dawowa ta 2019, da aka gayyaci 'yan asalin Afirka mazauna ƙetare, ake ta kiran baƙi su zo Ghana, kuma madalla da zuwansu. Amma idan Disamba ta wuce suka koma, 'yan kasuwa da ɗalibai da masu jinya a asibitin Korle Bu ne ke cika muku gadaje.

Ina neman ku cire kwaɗon nan daga yau, ku kwashe katifu da tukwanen gas daga ƙofar baya, ku manna takardunku inda kowa zai gani. Ku rubuta farashi da sidi, ɗaya ga kowa, ku mayar mini da abin da aka ƙara mini ta lambar da na biya ku, tare da rasit. Kuɗin ba su ne suka sa na rubuta ba, amma haƙƙina ne. Idan mako biyu suka wuce ban ji daga gare ku ba, zan kai kwafin wannan wasiƙa da hotunan ƙofofin ofishin hukumar yawon buɗe ido da na 'yan kwana-kwana a Accra. 'Yan uwa na zango masu zuwa sari kuma, duk masaukin da za ku kama, ku tambayi wanda ke riƙe da makullin ƙofa da dare kafin ku biya.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Aboabo, Kumasi